Kabarin Kakana a Bakin Kwazazzabo

Ranar da kakana ya rasu ban samu ganinsa ba. Ina cikin aji ina koyarwa a Gusau, da hantsi, aka bugo mini waya. Kafin in nemi izini, in je tasha, motar Tsafe ta cika, a gama tsayar da mu a shingayen hanya, sannan in hau babur zuwa ƙauyenmu da ke gefen Kucheri, an yi azahar, har an kai shi an dawo. Ko da na iso da wuri ma, iyakata ƙofar gida. Mu mata ba ma bin makara, a tsakar gida muke zama mu jira maza su dawo su faɗa mana abin da suka ga dama.

Na tarar da gida cike. Gwaggona, ƙanwar babana, tana zaune a bakin ɗakin marigayin ta rungume butarsa, hawaye na zuba ba sauti. Tsofaffin mata sun jeru a inuwar rumbu, kowace na lissafa rijiyar da ya haƙa, ta gidan wane, da ta bakin kasuwa, da wadda har yau ba ta taɓa ƙafewa ba. Wata maƙwabciyarmu da suka daɗe suna faɗa da shi a kan zuba shara a hanyar ruwa ta share ido da bakin zane, ta ce, "To yanzu wa za ya riƙa tsare mu da magana tun da sassahe?" Aka yi 'yar dariya. Mutumin kirki ne kakana, amma yawan maganarsa a kan ruwa da ƙasa ya sa mutane kan sauya hanya in sun hango shi tafe.

Washegari wani dattijo Kirista, mutumin kudu da ya yi ritaya a Gusau, ya nemi a shigo da shi ya gaishe mu. Ya cire hularsa ya durƙusa gaban Gwaggo. Ya ce lokacin da zai gina gidansa ya ɗauko kakana don ya haƙa masa rijiya. Tsohon ya zagaya filin, ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce ba zai sa diga ba sai an matsar da harsashin ginin zuwa tudu, domin ƙorama ta taɓa bi ta nan kuma za ta dawo. "Na ji haushi sosai," in ji dattijon, "na ce rijiya na kira ka, ba gini ba. Amma na matsar. Shekarar da ruwa ya shiga unguwarmu, ta inda na so sa ɗakin kwanana ya wuce." Ya ce shi ya sa ya biyo wannan hanya, duk da 'ya'yansa sun hana shi.

Duk wannan sama-sama nake jinsa, domin tun ranar farko ƙanena ya faɗa mini abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Na tare shi ne a bayan ɗakin girki, ƙafafunsa duk jar ƙasar maƙabarta.

"Ina kunka sa shi?" na tambaye shi.

"Can ƙasa, gindin aduwa."

"Wace aduwa?"

"Aduwa nawa ta, Yaya? Ta bakin kwazazzabo."

Aduwar nan ita ce iyakar maƙabartarmu ta gefen gangare, kuma daga gindinta zuwa bakin kwazazzabon gaba huɗu ne a kakar bara. Na sani, don ni na riƙe masa bakin igiya ya auna. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu a buɗe, kamu huɗu ke nan, da ita masu haƙa rijiya ke auna zurfi. Kowace damina kwazazzabon kan ci gaba ɗaya da rabi, wani lokaci biyu. Ko yarinyar aji ɗaya za ta iya wannan lissafin: damina biyu, in an yi sa'a uku, ruwa zai buɗe kabarin kakana. An yi shekaru ba a sa kowa a wannan kusurwa ba, kuma shi da kansa ya hana. Yanzu ga shi nan sun kai shi sun kwantar, saura 'yan makonni ruwa ya sauka.

Yau kwanansa arba'in, ban kuma samu natsuwa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan da 'yan shekaru abin da za a tuna game da shi shi ne tsoho mai mita. Ina so a san abin da yake mitar a kansa.

Haƙa rijiya ita ce sana'arsa tun yana saurayi. Daga 'Yankuzo zuwa Ruwan Bore har Bungudu, da wuya ka sami ƙauyen da bai shiga cikin ƙasarsa ba. Bai yi boko ba, karatun allo ma ba nisa ya yi ba, amma yakan lissafa maka abin da ke ƙarƙashin ƙafarka kamar mai karanta wasiƙa: baƙar ƙasa kamu biyu, jar marmara mai tauri, sai farar ƙasa mai laushi da yake kira ruɓaɓɓen dutse, sannan dutsen kansa. Idan aka ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, mutane na murna suna duba rufin ɗaki, shi kuwa sai ya ɗauki sanda ya fita ya bi ruwan ya ga inda ya nufa. Ya dawo da laka har gwiwa, kakata, Allah ya jiƙanta, tana faɗa tana ɗebo masa ruwan wanke ƙafa.

Ni ce jikar da ya fi ja a jiki, ko don na fi sauran taurin kai. Amaryata yake kirana, ni kuma in ce na fi ƙarfin tsoho mai warin rijiya. Ina da makami ɗaya da nake kashe bakinsa da shi. Ya taɓa rantsewa akwai ruwa a wani fili a Ruwan Bore, ya yi mako uku yana haƙa, ya ci karo da falalen dutse, ya tattara kayansa ya dawo. Har ya koma ga Allah bai yarda ya yi kuskure ba, cewa yake dutsen ne ya zauna inda bai kamata ba. Duk lokacin da ya fara cika baki sai in ce, "Ango, ina labarin rijiyar Ruwan Bore?" Sai ya wawuri sanda, ni kuma in ruga.

Ina 'yar shekara tara ya fara hawa da ni dutsen da ke bayan garinmu. Tsakar rana ce ta bazara. Ya ce in ɗora hannu a jikin dutsen, na ɗora na janye da sauri.

"Kin ji ko? Da rana shi kumbura da zahi, in ruwa ya sauka ko sanyin asuba ya buge shi, shi tsuke. Yau hakanga, gobe hakanga, har bayanai shi ɓare."

Ya buga sandarsa a wani wuri, na ji ƙarar ta fito kamar an buga ƙwarya a kife. Ya nuna mini inda wani falle ya rabu da uwar dutsen ya zame ƙasa, da inda saiwar ceɗiya ta shiga tsaga tun tana siririya har ta yi kauri ta raba dutsen biyu. Da muka juyo, ya sa ni in riƙa duba abin da nake takawa. Manyan duwatsu a gindi, gaba kaɗan tsakuwa, a gonaki yashi, can ƙasa a fadama laka mai danƙo. Ya ce duk abu ɗaya ne, ruwa ne ya rarraba, mai nauyi ya fara zama, marar nauyi ya tafi nesa. Na ce to wata rana dutsen zai ƙare ke nan. Ya ce zai ƙare mana, amma ba a idona ba, kuma in daina tsayawa ina ɓata masa lokaci.

Wata shekara muka je gaishe da Gwaggo a Bungudu inda take aure. Maimakon ya zauna a ci tuwo, sai ya ja ni bakin gulbi, daidai inda ya yi kwana. Ya nuna mini gaɓar waje, a tsaye take, ruwa na ƙwaƙule gindinta, ta ciki kuwa yashi ne shimfiɗe. Akwai wani mutum yana ban ruwan albasa a gaɓar waje. Kakana, da ba wanda ya tambaye shi, ya yi masa sallama ya ce, "Malam, gonag ga taka gulbi na ba wancan na ƙetare ita kaɗan-kaɗan, kuma ba za ya gode maka ba." Mutumin ya ɗago ya ce in ba shi da abin yi ya wuce. Na ji kunya kamar in nutse, shi kuwa ko a jikinsa, ya sunkuya ya tsinto wata tsakuwa mai sulɓi ya danƙa mini, ya ce in duba yadda tafiya ta goge mata kusurwoyi.

Da na je kwaleji na karanta labarin ƙasa, na dawo hutu ina ji da kaina. Na zauna ina ba shi labarin aman wuta da girgizar ƙasa, da yadda ƙasashe ke motsi a hankali a kan narkakken dutse. Yana ji yana gyaɗa kai, can ya ce, "Wa yag gani?" Abu ɗaya ne ya kama shi. Muna cikin mota za mu Gusau a duba masa ido, muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi, na ce masa malaminmu ya ce irin waɗannan duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa suka daskare, ƙasar da ta rufe su ce ruwa ya kwashe a tsawon zamani har suka bayyana. Ya yi ta waiwayen dutsen har muka wuce.

"Ashe ba tsirowa yay yi ba," ya ce. "Tuɓe shi anka yi. Na daɗe ina zargin haka. Duk rijiyad da nig gina, in ka matsa ƙasa shi kaka iskewa."

Ya yi kwana uku yana ba mutane wannan labari a ƙofar masallaci, kuma bai ce daga bakina ya ji ba.

Yanzu sai in zo ga rigimar, domin ba zan rubuta ta'aziyyar ƙarya ba. Tsakaninsa ne da babana, kuma ta kai shekara ashirin.

Garinmu a gangare yake. Dutse a sama, gonar gidanmu a gindinsa, maƙabarta a ƙasan gonar, sannan gangare zuwa ƙorama. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa gonarmu yake zubowa. Tun zamanin mahaifinsa, kakana ya tarar da gonar a yanke da layukan gamba, wannan doguwar ciyawa da ake zana da ita, da jerin duwatsu a gicciye, kunyoyi ma a gicciye ake yinsu. Ruwa ya zo da gudu, ya ci karo da layi ya tsaya, ya nutse, abin da ya ragu ya wuce a gajiye. Da ƙarfin kakana ya ja baya, gona ta koma hannun babana, wanda shi ne ɗan fari. Babana na da baki da yawa da zai ciyar. Ya ɗauko tarakta, ita kuwa ba ta iya juyi tsakanin layukan gamba. Aka tumɓuke gambar, aka kwashe duwatsun aka tara gefe, aka ja kunyoyi dogaye daga sama zuwa ƙasa yadda mai tarakta ya fi jin daɗi.

Ba zan ɓoye ba, shekarun farko an sami masara irin wadda ba a taɓa gani ba a gidanmu. Karatun nan nawa da nake taƙama da shi, daga wannan gona ya fito. Amma kowace kunya ta zama magudana. Ruwa ya riƙa taruwa a 'yar hanyar da ta bi ta gefen maƙabarta, ya faɗa ƙorama da ƙarfi. A nan kwazazzabon ya fara, ɗan rami da akuya ke tsallakewa.

Kakana ne ya nuna mini yadda yake tafiya. Ruwa na gangarawa, shi kuwa hawa yake yi. Ruwan ya faɗo daga leɓensa, ya ƙwaƙule farar ƙasa mai laushin da ke ƙasa, marmarar sama ta rasa abin da zai riƙe ta, ta rufta. Leɓen ya matso sama, a sake sabon lale. Mutanen gari suka yi ta zuba shara da buhunan yashi a bakinsa, damina ɗaya ta kwashe. Kakana ya yi ta faɗa cewa maganin ba a bakin ramin yake ba, a can sama yake, a gonarmu. Kowa ya san wa yake nufi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kunyar ɗan fari. Kakana mutumin da ne, bai taɓa kiran sunan babana ba, ba ya zama da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. "Wancan" yake ce masa. Saboda haka rigimar shekara ashirin ta bakin wasu aka yi ta, yawanci ta bakina. "Tahi ki gaya ma wancan, shi maida gamba." In je in faɗa. Babana ya ce, "Ki ce mishi na ji." In dawo in faɗa. Kakana ya ce, "Ji ɗai?" Haka muka yi ta yi har na yi aure na koma Gusau. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba, kuma ba wanda ya matsa ko taki ɗaya. Bayan kowace kaka, in na zo gida, sai ya ɗauko tsohuwar igiyar rijiyarsa mu je mu auna daga aduwa zuwa bakin ramin, ya ƙulla ƙulli a inda ta tsaya. Bai taɓa nuna wa babana igiyar ba, a ƙofar zaure yake rataye ta, inda dole sai an gani.

To ku duba halin da na shiga a zaman makoki. Ina zaune cikin mata ana ta yi mini gaisuwa, ina amsawa, zuciyata kuwa tana can gindin aduwa tana aune-aune. In tashi in shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya in ajiye. Gwaggo ta ce in zauna, ina sa mata jiri. Na zargi kowa. Na zargi masu haƙa kabari da ragwanci, don ƙasar kusurwar ta fi laushi. Na zargi ƙannena da ba su taɓa sauraren tsohon ba. Na zargi motar Tsafe. Fiye da kowa na zargi babana, har na raya a raina cewa ko a mutuwa bai ji maganar ubansa ba. Na yi istigfari, tunanin ya sake dawowa.

Ba a tunkarar uba da irin wannan magana yana cikin karɓar gaisuwa. Na daure har aka yi addu'ar uku. Washegari da safe na tambaya aka ce ya tafi gona. Na yafa mayafi na bi shi.

Daga ƙasan gonarmu ana hango maƙabarta duka. Ban taɓa shiga cikinta ba, amma ranar na ga sabon tudun jar ƙasa a gindin aduwa, ga bakin kwazazzabon a buɗe kusa da shi. Babana na tsaye shi kaɗai wajen tarin duwatsun da aka kwashe tun shekarun baya, ya naɗe hannun riga. Na durƙusa na gaishe shi. Ni ba 'yar fari ba ce, ina da baki a gabansa.

"Baba, wurin da anka sa shi..."

"Na san abin da yak kawo ki," ya ce, bai dube ni ba. "Kina tsammanin ban san inda nis sa ubana ba?"

Ya ci gaba da magana.

"Kwana tara kahin shi cika, yas sa kowa yah hita ɗaki. Bai aiki kowa ba. Ni yak kira, da sunana. Na wuce shekara sittin ban taɓa jin sunan ga bakinai ba, har nij juya ina neman wa aka kira." Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya, ya riƙe shi. "Yac ce gindin aduwa za a sa shi. Nic ce, Baba, ruwa na zuwa wurin ga. Yac ce ya hi ni sani, shi ad da igiya. Yac ce ya yi magana har ya gaji, yanzu za ya kwanta can. In mun so mu tsaida ruwan, in mun so mu bari shi kwashe shi muna kallo."

"Kuma kay yarda?"

"Ke da kin ƙi?"

Ya nuna mini da haɓa abin da ke bayan sabon kabarin, wanda ni ban yi tunaninsa ba saboda idona na kan mutum ɗaya. Kakata na nan a layi na biyu. Yayyena biyu da suka rasu suna jarirai suna nan. Iyayen kusan kowa a garin suna nan. In ruwa ya wuce aduwa, su zai shiga. Kakana gaba ya shiga ya kwanta, ya sa su a bayansa.

Zan faɗi gaskiya, ba tausayi ne ya fara zo mini ba, haushi ne. Na ji haushin mamaci, Allah ya yafe mini. Wane irin taurin kai ne zai sa mutum ya ɗaure 'ya'yansa da gawarsa? Ya san babana ba zai iya barci ba. Ya san ni ma ba zan iya ba, ni da na riƙe masa igiya. Ya zauna ya auna mu kamar yadda yake auna rijiya, ya san daidai inda zai same mu. Na tsuguna a cikin kunyar masarar bara na yi kukan da ban yi ba tun da na zo, babana bai ce in daina ba, ya ɗora dutsen a ka ya wuce.

Da na koma Gusau na tambayi wani malami ko ya halatta a ɗauke mamaci in ruwa na barazana ga kabarinsa. Ya ce ya halatta in larura ta tabbata. Na bugo wa babana ina murna. Ya ce wasiyya ce, ba mai taɓa shi, kuma in muka ɗauke shi, sauran fa? Ya kashe wayar.

Ga abin da aka yi zuwa yanzu. Babana ya sallami mai tarakta. Ya jera duwatsu layi biyar a gicciye, yawanci da kansa, mutumin da ke fama da ciwon baya. Kwana biyu da farawa, ba wanda ya yi shela, mazan gari suka fara zuwa da baro da kwanduna, har da waɗanda ke sauya hanya in sun hango tsohon. Maƙwabciyar nan tamu mai shara ta aiko da kunu. Da ruwan farko ya sauka aka je 'Yankuzo wajen dangin kakata aka roƙo saiwar gamba aka dasa a bayan kowane layi, aka yi huɗa da shanu a gicciye. Duk abin da ya roƙa shekara ashirin, an yi shi cikin wata guda, shi kuma ba ya nan balle ya ce ai ya faɗa.

Sai dai ni malamar labarin ƙasa ce, na san abin da ban so in sani ba. Gamba ba ta riƙe ƙasa a shekarar da aka dasa ta, sai ta yi damina biyu ko uku. Duwatsu na rage gudun ruwa, ba sa hana shi. Kwazazzabon da ya riga ya yi zurfin mutum biyu ba ya tsayawa don an tuba. An yi ruwa uku zuwa yau, ya ci kamu ɗaya. Babana ya ce bara war haka ya ci biyu. Ina so in yi murna, amma marka na gaba, lokacin da ake kwana a wuni ana ruwa, ƙasa ta jiƙe har ciki.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, garinmu kuwa yana gabas da Gusau. Duk ruwan da ya iso mana nan, ya riga ya bi ta kansa. Ina cikin koyarwa in ga gari ya yi duhu ta tagar aji, sai alli ya tsaya a hannuna, ɗalibai na kallona. Mijina ya ce na rame. Ruwa na ɗaukewa nake neman babana a waya, wani lokaci sai na kira sau biyar kafin ta shiga. Ba ma doguwar gaisuwa yanzu. In ce, "Baba, nawa?" Ya faɗa mini. Jiya cewa ya yi, "Bai taɓa ba."

Wanda duk ya taɓa shan ruwan rijiyar da tsohon nan ya haƙa, daga 'Yankuzo zuwa Bungudu, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Allah ya gafarta masa, ya yafe masa kaifin harshensa, ya saka masa da alherin kowane guga da aka ja. Masu zuwa yi mini gaisuwar arba'in suna cewa Allah ya kai haske kabarinsa. Nakan ce amin da ƙarfi, sannan in ƙara tawa a zuci: Allah ya bar masa kabarin.